Wanda Ya Sauko da Ɗan Amo

Ranar Lahadi da hantsi wani makiyayi ya sauko daga kan dutsen Gwarando yana haki, ya ce Ɗan Amo ba ya nan. Kafin a kira azahar garin ya gama shari'a ya yanke hukunci: Davou ne ya ɗauka.

Bari in gaya muku mene ne Ɗan Amo, kada ku ce a kan dutse kawai ake wannan hayaniya. A can ƙololuwa, cikin kufan tsohon gari inda kakanninmu suka zauna kafin a sauko, akwai wani faffaɗan dutse da ake kira Uwar Amo. A kanta ɗanta yake zaune, baƙi wuluk, sumul, girman madaidaiciyar kabewa. In aka ɗaga shi da hannu biyu aka buga wa uwar, sai ta yi kuka kamar ƙarfe, har a hanyar Kiyawa ana ji. Da can ana buga shi in an hango mahara. Yanzu sau ɗaya ake bugawa a shekara, ranar da ruwan shuka ya sauka. An sha gwada wasu duwatsun, uwar ba ta amsa musu. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, ga ɗa ya ɓata.

Ni ce Zulfa, malamar labarin ƙasa a wata sakandare a Dutse, kuma Gwarando garin mahaifina ne. Ni na jawo baƙi kan dutsen nan, ban musa ba. Shekara biyu da suka wuce an tura mu kwas ƙasar Faransa, ranar hutu aka kai mu wani ƙauye da ke kan tsauni. Gidajensa na dutse a manne da juna, a samansu kuma wata tsohuwar fadar yaƙi mai hasumiya, wai ta haura shekara ɗari takwas. Mutane maƙil, kowa da sanda da jaka, suna bin hanyoyin ƙafa da aka yi wa alama da fenti fari da ja a jikin duwatsu. Abokan tafiyata sai "kai, kai" suke yi, ni kuwa haushi ne ya cika ni. Na ce a raina, mu ma fa muna da irin wannan, awaki muka bar wa.

Da na dawo na nemi izinin Mai Gari, na sayi fenti. Wanda ya taimake ni fitar da hanyoyin shi ne Davou, mutumin Jos, ma'aikacin safiyo mai awon filaye, shekararsa goma sha biyar a unguwar Takur ta Dutse da matarsa Justina. Mutum ne da aka haifa a cikin duwatsu, in bai hau wani abu ba ranar Asabar ba ya jin daɗin jikinsa. Ranar Asabar ɗin nan ma ya hau shi kaɗai da yamma, ya sauko da jaka a baya, kuma mutane sun gan shi.

*

A ƙofar gidan Mai Gari, Fahad direban tifa ne ya fi kowa ɗaga murya.

"Ranka ya daɗe, da idona na ga jakar a kumbure. Irin waɗannan duwatsun Turawa na saye. In ba haka ba, me mutum zai je nema a kufai kowane mako?"

Na ce, "Kai da kake lodin duwatsu kullum kana kai wa magina, kai ne za ka buɗe baki?"

"Zulfa!" in ji Mai Gari. Na ja da baya, amma ba don na gama ba.

Davou yana tsaye da hula a hannu. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwa ne da na'urar awo a jakata. Na hau, na zauna, na sauko. Dutsen yana nan lokacin da na baro shi."

Mai Gari ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce ba zai zalunci baƙo ba, amma ba zai iya riƙe gari ba. In an kai la'asar ɗin gobe babu labari, zai miƙa maganar ga 'yan sanda da sunan Davou.

Da muka koma gefe Davou ya ce da ni a hankali, "Malama, ba rufewar nake tsoro ba. Aikina shiga gonakin mutane ne da filayensu. In aka ce mai safiyo ɓarawo ne, wa zai sake barina in taka gonarsa? Ko an sake ni, sunan ya zauna."

Sai na tafi wurin Baba Nata'ala.

*

Baba Nata'ala tsohon maharbi ne, kuma shi ne mai bin sawun yankinmu. In an kore shanu daga nan har Buji, shi ake zuwa ɗauka a kan babur. Ƙanen kakana ne, don haka akwai wasa tsakaninmu. Na same shi yana gyaran igiyar akuya.

"A'a, amaryata 'yar Faransi. An ce kin kawo mana ci gaba, har ya tafi da dutse."

"Baba, don Allah bar wasa. Za a ɓata wa mutum suna a banza."

"Ke kika ce a banza. Ni ban ce komai ba tukuna."

Ya sa aka kira Davou, ya ce ya cire takalminsa. Ya juya shi, ya shafa ƙasansa da babban yatsa, ya mayar masa. Tambaya ɗaya ya yi: ta ina ya hau, ta ina ya sauko? Davou ya ce ta hanyar fenti duka biyun.

Daga nan muka je wurin Fahad. Baba ya tambaye shi me tifarsa take yi a gindin dutse ranar Asabar, don mun biyo ta can ya ga sawun taya. Fahad ya fara zufa, ya ce yashi ya ɗiba a rafi, kuma ai hawa ma ya ɗan yi don ya ga abin da baƙi suke gani.

Na ce wa Baba a hanya, "Ka ji ko? Ya hau! Wallahi shi ne."

"Ke dai kina da saurin yanke hukunci," in ji shi. "Gobe da sassafe ki zo da takalmin kirki."

*

Mun fara hawa rana ba ta yi zafi ba. Ni a tunanina a kan dutse babu sawu, sai na ga Baba yana tafe yana karatu kamar an buɗe masa allo. Duk inda yashi ya taru a tsakanin duwatsu sai ya tsuguna.

A kwanar farko ya nuna min sawun silifa mai faɗi. "Ga mutuminki Fahad. Nan ya tsaya, nan ya zauna, ga inda ya dafa. Ga shi kuma ya juya. Tumbin nan nasa bai kai shi ko rubu'in hanya ba."

Na ji kunya kaɗan, ba da yawa ba.

Gaba kuma ga takalmin Davou, mai hawa da mai sauka. Baba ya karya tsinke ya auna zurfinsu. "Yadda ya hau haka ya sauko. Wanda ya ɗauko Ɗan Amo a baya dole dugadugansa su nutse. Wannan ko tsakuwa bai ƙara ba."

"To shi ke nan, mu koma mu faɗa musu!"

"Mu ce musu me? Gari ba ya sakin wanda ya kama sai an ba shi wani."

Muka ci gaba har muka kai ƙofar tsohon gari. Sau nawa na hau wurin nan, amma ban taɓa hawa da wanda ya san shi ba. Ganuwar duwatsu ce zalla, an jera su ba laka ba siminti, kowane dutse ya kama ɗan'uwansa, tsayinta ya fi mutum biyu. Ƙofar ƙunci gare ta, mutum ɗaya take ɗauka. Baba ya nuna min wani rami a gefenta daidai ƙugu, ya ce nan ake zura gungumen da ake tokare ƙofa. Ya nuna min wata 'yar taga da na sha wucewa ina zaton dutse ne ya faɗi, ya ce in leƙa. Da na leƙa sai na ga hanyar da muka biyo gaba ɗayanta, tun daga gindi, kowace kwana a fili. Mutum ɗaya da kwari da baka ya isa ya tsare garin nan.

A ciki ga da'irar ɗakuna, ga gindin rumbuna, ga ramukan niƙa da hannun mata ya cinye a jikin dutse har gwiwar hannu tana shiga. Wata kuka ta tsaga falalen dutse ta fito, ta fi kowace kuka da na sani kauri. Daga bakin ganuwa ana hango dabinon Dutse, ana hango titin Kiyawa kamar zare, motoci na tafiya ba ka jin ƙararsu. Can kudu kuma ga wani dutse da masu fasa duwatsu suka cinye rabinsa, fari fat kamar ƙashi. A Faransa na biya kuɗin shiga na bi mai jagora da lasifika, amma ban ji abin da na ji a nan ba. Na ce, "Allahu akbar," ban ma san na faɗa ba.

Uwar Amo tana nan, gurbin ɗanta fayau. Baba bai kalli gurbin ba. Wani dutse na gefe ya tsura wa ido.

"Wannan fa?"

Alamata ce. Jan fenti, layi biyu a gicciye, irin wadda nake sa wa ɗalibi in ya ba da amsar banza. Na yi masa bayani cewa haka Faransawa suke yi, ma'anarta ba nan ce hanya ba. Akwai wata tsohuwar gangara mai haɗari a bayan dutsen, ban so baƙi su bi ta. Ranar Juma'a na zana, farin fenti ya ƙare min, sai na yi da ja kaɗai.

Baba ya matsa kusa. "An goge ta. Dubi, da yashi da ruwa, a kewaye a kewaye, yadda ake cuɗa tukunya. Fentin ya ƙi fita." Ya dube ni. "Ɓarawon da ya zo sata ya tsaya wanke dutse, kin taɓa ji?"

Ban taɓa ji ba. Ya zagaya bayan alamar ya kama gangarar da na hana mutane bi.

*

Ashe ba gangara ba ce kawai. Baba ya ce hanyar mata ce, ta nan ake hawo da ruwa daga rafi lokacin da gari yake sama. Na bi shi ina dafe-dafe ina salati. Bayan ɗan nisa ya tsaya a wani dutse da ya fito daidai kafaɗa. A samansa akwai wani lotsi, zagayayye, sumul.

"Gindin tulu ne ya yi wannan. Nan suke sauke kaya su huta ba sai an taimaka musu ba. Guda bakwai ne har ƙasa."

Na sa hannu a cikin lotsin. Mata nawa, tulu nawa, shekara nawa kafin yumɓu ya cinye dutse haka? Ƙurar da ke ciki a share take, kuma akwai sabon ƙarzo a tsakiya. Haka muka tarar a na biyu da na uku. A ƙasa, duk inda yashi yake, ga ɗigon sanda, ga sawun ƙafa ƙarama ba takalmi, taku kusa da kusa.

A masauki na huɗu Baba ya sunkuya ya zaro wani abu daga tsagin dutse. Gammo ne na kaba, ya tsinke ta gefe ɗaya. Naɗinsa daban yake da wanda na sani, an yi masa wata 'yar wutsiya an soke ta ciki. Baba ya daɗe yana juya shi, wasan nan nasa duk ya tafi.

"Mutum biyu na sani da suka iya wannan naɗin," ya ce. "Ɗaya ita ta haife ni, yau shekara talatin da rasuwarta."

"Ɗayar fa?"

Ya sa gammon a aljihu. "Ki ce wa Mai Gari a tara mutane bayan la'asar. A kira tsofaffin mata ma, a shimfiɗa musu tabarma."

*

An taru a gindin tsamiya. Davou da Justina a gefe guda, ba wanda ya zauna kusa da su sai ni. Fahad yana gaba yana karkaɗa makullin mota. Tsofaffin mata biyar suna kan tabarma, cikinsu har da Iya Kubura, wadda ta haura tamanin, ita ce ta ƙarshe cikin waɗanda aka haifa a kan dutse.

Baba ya fara da Fahad. Ya ba da labarin tumbi da kwanar farko, aka yi dariya, Fahad ya mayar da makulli aljihu. Ya faɗi maganar zurfin sawun Davou, aka yi gunaguni, wani ya ce ai ana iya dawowa ta wata hanya.

Sai Baba ya miƙo min sandarsa. "Amarya, zana mana abin da kika zana a sama."

Na ja layi biyu a gicciye a ƙasa. Baba ya dubi jama'a. "In kun ga wannan da jan fenti a jikin gini, me ke nan?"

Baki ɗaya suka amsa, "Rusau!"

Wallahi sai a lokacin na gane. Ni da nake wuce shagunan da aka yi wa wannan alamar a bakin titi, ni da na ga abin da ya biyo baya, ko sau ɗaya abin bai zo min a rai ba. Na ɗauko alamar mutane daga wata duniya na manna a dutsen kakannina, ban tambayi kowa ba.

"To faɗa musu abin da kike nufi," in ji Baba.

Na ce, "Ba nan ce hanya ba. Abin da take nufi ke nan. Don kada baƙo ya faɗa gangara. Ni na zana, ba Davou ba, ba gwamnati ba. Ba wanda zai taɓa dutsen nan."

Baba ya fito da gammon ya ajiye a kan zanen, ya koma ya zauna. Bai kalli kowa ba.

Iya Kubura ta dafa sandarta ta miƙe. Wata ta kai hannu za ta taimaka mata, ta ture.

"'Yar nan, sake faɗa. Ba za a fasa ba?"

"Ba za a fasa ba, Iya."

"Masu itace ne suka ce min an sa wa Uwa jan fenti. Na ce to, yadda aka cinye dutsen kudu haka za a cinye namu. Shi kuma wannan," ta nuna Davou da haɓa, "kullum yana sama da abin awo. Na ce shi aka aiko. Jiya ina idar da sallar asuba na hau. Na cuɗa, na cuɗa, ya ƙi fita. Na ce Uwa ta fi ƙarfina, amma ɗan ba za su same shi ba."

Mai Gari ya ce, "Iya, ke? Ke kaɗai? Ta hanyar mata?"

"Da wa zan hau? Tun ina da shekara tara nake hawa da tulu." Ta gyara tsayuwa. "Yana cikin rumbuna, a ƙarƙashin gero."

Ni dai ƙafafunta nake kallo, ƙanana, duk faso, na tuna gangarar da na sauko da rarrafe ba kaya a kaina.

Aka je aka ɗauko shi. Majiya ƙarfi biyu ne suka kawo shi suna karɓa-karɓa, suka ajiye a gaban Mai Gari, ƙwayoyin gero a manne da shi. Fahad ya yi wuf ya ce shi zai mayar, aka yi masa caa.

Iya ba ta zauna ba. Ta taka har gaban Davou. Ta fara ƙoƙarin durƙusawa, ya yi sauri ya riga ta kai gwiwa ƙasa.

"Haba Mama, don Allah kada ki yi."

"Bari in faɗa, ɗan nan. Na ji ana kiranka ɓarawo tun jiya. Ina ɗakina ina ji. Na ce ya yi maka daidai. Na bari aka ɗora maka abin da ba ka ɗauka ba, alhali ka zo ne kana son abin da nake so. Ka yafe min."

Justina ce ta amsa, tana share ido da gefen zani. "Ya yafe, Mama. Mun yafe."

Iya ta kwance ɗankwalin da ta ɗaura a ƙugu, ta murɗe shi, ta naɗa gammo, ta soke wutsiyar ciki. Ta ɗora a kan Davou yana durƙushe. Sannan ta juya wurin Mai Gari.

"Baƙo bai taɓa ɗaukarsa ba, na sani. Amma a gaban kowa aka ce ya ɗauka a ɓoye. To ya ɗauka a gaban kowa."

Mai Gari ya dubi dattawa, dattawa suka dubi ƙasa. Sai ya tashi da kansa, ya tattare hannun riga, ya kama Ɗan Amo ta gefe ɗaya, Baba Nata'ala ya kama ɗayan, suka ɗora wa Davou. Ya miƙe a hankali, wuyansa na rawa, hawaye na bin kumatunsa, hannuwansa biyu suna riƙe da dutsen ba halin ya share.

Hanyar dutse ta tsakiyar taron take, mutane kuma sun cushe ta, waɗanda jiya suke nuna shi da yatsa. Mai Gari ya ɗaga murya yadda na bayan ma za su ji.

"Ku ba Malam Davou hanya."

Suka dare biyu, ya wuce.